Ƙyauren da Malam Ya Cire

Daga Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sa'idu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Hauwa, ina gaishe da maigidana Malam Ƙarami. Allah ya sa kun sauka Lakwaja lafiya, ya sa hanya ba ta wahalar da yaron nan ba. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa garin ya karɓe ku, ya sa aikin koyarwar da ka samu ya zame maka alheri duniya da lahira. Amin.

Na san inda za ka tsinci takardar nan, don ni na sa ta a wurin. Na warware tsummokaran da ka naɗe hotonka da su, na ɗora ta a kan gilashin, na mayar na ɗaure. Na san halinka. Ko tukunya ba a sauke ba, ko shimfiɗar yaro ba a yi ba, hoton nan za ka fara kwancewa ka shiga neman ƙusa. To kafin ka nemo ƙusar, nemi wuri ka zauna. Kai mai son karatu, ga karatu na ba ka. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, ba shi da kyau, amma za ka gane shi.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ka tuna ranar da ka shigo mini da hoton nan ɗaki, bakinka har kunne kamar wanda aka biya wa kujerar Makka? Ka jingine shi a jikin gadona ka ce, "Inna, dubi wannan. Wani mai zane ne ya zana shi a ƙasar Turawa tun shekaru aru-aru. Rahibi ne, irin masu ibadar Nasara da ke barin duniya su shige ɗaki, su yi ta karatu da tunanin Ubangiji har mutuwa ta zo. Ki dubi natsuwar fuskarsa. Wallahi duk sanda na kalle shi sai na tuna Malam." Da ka ambaci mahaifinka haka, na ce maka, "Allah sarki." Ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba, haɗiyewa na yi, irin haɗiyar da na saba yi tun kafin a haife ka.

Kwanakin da ya yi a ɗakina kafin a ɗaure kaya, na kalle shi fiye da yadda kai ka taɓa kallonsa. Ba zan yi wa mai zanen ƙarya ba, ya iya. Ga tsoho mai sanƙo, gemunsa fari fat, ya sa riga ruwan ƙasa ya ɗaure ƙugu da igiya. Ya duƙa a kan wani ƙaton littafi, ya ɗora yatsa a kan layin da yake karantawa. Haske ya shigo ta 'yar taga ya sauka a goshinsa da shafin, sauran ɗakin duhu. In ka daɗe kana kallo har sai ka ji ka rage ƙarfin numfashinka, kada ka dame shi. Ni ma na ji hakan, kuma shi ne ya fi ba ni haushi.

Amma kai fuska ka kalla, ni tebur na kalla. A gefen littafin akwai rabin burodi da tulun ruwa. To ina tambayarka, malamin makaranta, wa ya kawo masa burodin? Wa ya ɗebo ruwan? Rigar nan tsaf take, wa ya wanke ta? Ɗakin ba ko tsinke a ƙasa, wa ya share? Akwai wani da ya tashi tun da sassafe ya kwaɓa ƙullu ya hura wuta, ya taka a hankali ya ajiye ya fita don kada tsohon ya ɗaga kai. Mai zanen bai ga ya cancanci fenti ba, ya bar shi a waje. Ni kuwa na san wannan mutumin sarai, don na yi aikinsa shekara da shekaru.

Kuma da bakinka ka gaya mini su ba sa aure. To madalla. Shi wannan tsohon bai je gidan kowa da goro ya ce a ba shi 'ya ba. Bai tara jama'a sun shaida ya ɗauki ci da sha da lafiyar 'yar mutane ba. Bai haifi yaro mai ciwon sikila ba. Ya zaɓi hanyarsa, ya biya kuɗinta da jikinsa shi kaɗai, tsakaninsa da Ubangijin da zai yi masa hisabi. Kai kuwa so kake ka samu ɗakinsa da shirunsa, ka kuma samu tuwon Hauwa da ɗumin ɗa. Wannan ba ibada ba ce, Sa'idu, son kai ne aka naɗa masa rawani.

Ka san abin da ya tunzura ni. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ka shige ɗakinka ka tura ƙofa. Ciwon yaron nan ya tashi, hannuwansa suka kumbura, yana ta murƙususu a tabarma. Ina zaune ina tsince shinkafa na ga Hauwa ta saɓo shi a kafaɗa ta nufi ƙofarka. Ta ɗaga hannu. Ta tsaya. Ta sauke hannun. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Sai ta juyo wurina tana raɗa, wai, "Inna, ko ke za ki yi masa magana? Ya ce in yana ciki kada a taɓa ƙofar." Raɗa fa! Ɗanta yana ihu ita tana raɗa. Na ture faifan, shinkafa ta watse, na je na daki ƙofar nan da tafin hannu har sai da na ji zafi a gwiwar hannuna. Ka buɗe kana ɓata fuska, ka ce, "Haba Inna, saura shafi biyu fa."

Saura shafi biyu! Wallahi da ba don ka yi gemu ba da na wanka maka mari a gaban matarka. Ka dai kai shi asibiti, an yi masa ƙarin ruwa, Allah ya sauƙaƙa, ka ɗauka magana ta wuce. Kashegari kuma ina ji kana ba abokinka labarin gidan da aka ba ka a can. Wai akwai wani ɗaki a can ƙuryar baya, "inda ko kukan yaro ba ya kaiwa." Da alfahari ka faɗa. Da nake ninke muku kaya kuma na ci karo da sabon kwaɗo da sakata a cikin kwalin littattafanka. A garin da Hauwa ba ta da uwa, ba ta da ƙanwa, ba ta san ko hanyar asibiti ba, ba kuma wata Inna da za ta ture faifai ta dakar mata ƙofa.

To bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa cikinku ba. Kai da ƙannenka kun san kuna da yaya da ta rasu tana ƙarama, kun san zazzaɓi ne. Iyakar abin da kuka sani ke nan, don iyakar abin da na bari kuka sani ke nan.

A lokacin ba mu dawo Haɗeja ba, muna ƙauyen su Malam ta wajen Kirikasamma, a tsakiyar fadama. Ka san wurin, ka je gaisuwa. Da damina ta yi nisa ruwa kan kewaye mu, ba mai fita bakin hanya sai a kwale-kwale. Mahaifinka yana da ƙuruciya a lokacin, yana da zafin neman kusanci da Allah, ba na ƙarya ba, na gaske. Ya yi wata 'yar bukka a kan wani tudu cikin goruba, nesa da gari, ya sa mata ƙyauren langa-langa. Can yake shiga halwa, ya keɓe kansa da wuridi da karatu, ba ya magana da kowa sai ya cika kwanakin da ya ɗiba. Dokar kowa ya san ta: ba a yi wa mai halwa sallama, ba a kiran sunansa, ba a ƙwanƙwasa masa. Ka ajiye akushi a bakin ƙofa ka ɗauki na jiya ka juya. Mutanen garin suna alfahari da shi, har masunta in za su wuce tudun sukan daina waƙa.

Ni ce mai kai akushin. Kullum da la'asar nakan tattare zane in ratsa ruwa zuwa gwiwa, abinci a ka, kai kuma a ciki, don cikinka ya tsufa a lokacin. Ban taɓa jin ƙyashi ba. Gani nake ni ma ina da kaso a ladan.

A cikin wannan halwar ne yarinyar ta kwanta. Ta fara wayo, tana bi na rijiya da ɗan gwangwaninta. Goggo, kakarku, ita ke riƙe da ita kamar yadda aka saba, to ta tafi Birniwa gaisuwar mutuwa, ruwa ya tare ta a can. Aka bar ni da 'yar fari, ni da aka raina a gidan Fulani, aka koya mini cewa 'yar fari ba tawa ba ce. Ba na kiran sunanta. Ba na ɗaukarta a gaban mutane. In ta faɗi ta fasa baki, sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. Da haka ake gane 'yar mutunci, kuma ni ina son a ce ni 'yar mutunci ce.

Jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Na dafa ganyen maina na yi mata wanka, na jiƙa sabara na ɗura mata, ba sauƙi. Da na ga idonta ya fara juyewa sai na fita na sami matan maƙwabta a gindin turmi. Wata cikinsu, Allah ya jiƙanta, ta tafa hannu ta ce, "Yau ga abin kunya! Ke yanzu a kan 'yar fari kike wannan rawar jikin? Ɗan zazzaɓin damina ne, wane yaro ne bai yi ba?" Suka yi dariya. Ni ma na yi 'yar dariya, Sa'idu. Na yi dariya na koma gida.

Na je wurin Bako mai kwale-kwale, na ce ko zai fitar da mu bakin hanya mu nemi mota zuwa asibiti. Ya ce, "Ba matsala, amma Malam ya sani?" Na ce yana halwa. Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai kin ga, ni ba zan ɗauki matar Malam in fitar da ita gari ba da izininsa ba. Ki samo kalma ɗaya daga bakinsa, ko e ce kawai, yanzu in tura jirgi." Bai yi laifi ba a ganinsa. Kalma ɗaya ya nema.

Da la'asar na bar ta wurin wata tsohuwa, na ɗauki akushi na ratsa ruwan. Na isa bakin bukkar. Ina jin muryar mahaifinka a ciki, ƙasa-ƙasa, yana karatu, murya mai daɗi da natsuwa irin ta fuskar tsohon nan naka. Tsakanina da shi langa-langa ne da ko yaro zai iya turawa da ƙafa. Na ɗaga hannu. Sai na ji kamar duk garin na tsaye a bayana suna cewa ga wadda ta karya wa mijinta halwa, kuma a kan wa? A kan 'yar fari. Na ce a raina, ai mutumin da ke ganawa da Ubangiji, albarkarsa kaɗai ta isa ta rufe gidansa. Na sauke hannun. Na ajiye akushi, na ɗauki na jiya, na juya a hankali don kada ruwa ya yi ƙara.

Kashegari da hantsi ta cika, a kan cinyata. Ranar ce rana ta farko da na rungume ta ba tare da na duba ko wani na kallo ba.

Ka san abin da har yau yake ci mini rai? Ko sanyi ba ta gama yi ba, dattawan gari suka shiga jirgin Bakon nan, suka je tudun, suka daki ƙyauren da ƙarfi, suka kira sunansa. Don a zo a yi wa gawa salla an iya karya halwa. Ba wanda ya ce haram, ba wanda ya ce abin kunya. Ga gawa an buga ƙofa, ga mai rai ba a buga ba. Tir da wannan hankali, kuma tir da ni da na bi shi.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shigo ɗaki ya same ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kin zo jiya. Na ji tafiyarki a ruwa, na ji kin daɗe a tsaye. Me ya sa ba ki kira ni ba?" Amsar tana bakina. So nake in ce, kai ka ce kada a kira ka. Kai ka sa ƙyauren. Ka ji na daɗe a tsaye, me ya hana ka ka leƙo? Ban faɗi ko ɗaya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙaddara ce." Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Da ya sani, da ya fito a guje, wannan ba na shakka. Bai taɓa nufin dokarsa ta kai can ba. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce mini, "In wani abu ya faru ki buga," ba. Ya ɗauka na sani. Ni kuma na ɗauka shirunsa ya fi ran 'yata daraja a wurin Allah.

Don haka ka ji da kyau. Kada ka ce a ranka ai Hauwa ta san in abu ya yi tsanani za ta iya bugawa. Ba ta sani ba. Na ga hannunta ya tashi ya sauka, hannuna ne na gani. Yarinya ce mai kunya da ladabi, kuma Malam Ƙarami ɗan farinta ne, ko ka manta? Irin tarbiyyar da ka yaba har ka aure ta, ita ce za ta tsayar da ita a bakin ƙofarka da yaro a kafaɗa. Ka zaunar da ita yau, ba gobe ba, ka gaya mata da baki, da Hausa, cewa ko kana tsakiyar me, in ta kira za ka fito. Ka maimaita har sai ta yarda. Ranar da ta gwada kuwa, ko a kan ƙaramin abu ne, ko gishiri ne ya ƙare, kada in ji ka ɗaure mata fuska. Fuska ɗaya ka ɗaure, ka rufe ƙofar ke nan har abada.

Saura kuskurena na biyu, kuma shi ya haifar da kai yadda kake.

Bayan an haife ka muka dawo Haɗeja, gidan nan da ka tashi a ciki. Ɗakin karatun Malam, wanda ka gada, yana da ƙyauren katako mai kyau lokacin da muka tare. Ranar da ya jera littattafansa, ya aro guduma a maƙwabta ya ɓalle ƙyauren da hannunsa, ya kai shi bayan gida ya jingine, ya rataya asabari a wurin. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Iska nake so." Ni da shi mun san ba iska ba ce. Har ya koma ga Allah bai sake shiga halwar da ba a iya kiransa ba, kuma bai sake zama a bayan rufaffiyar ƙofa ba. Ɗalibansa suna ta yaɗawa wai tsabar gudun duniya ce, wai Malam ko ƙyaure bai yarda ya mallaka ba. Kai ma na ji ka faɗa wa baƙi haka, kana kumbura. Kuma da ka gaji ɗakin, abin da ka fara yi shi ne ka kira kafinta ya sa sabuwar ƙofa. Ina kallo, na haɗiye.

Mutumin nan ya cire ƙyaure don ku shigo. Ni kuma me na yi? Na tsaya a wurin na zama ƙyauren. Ka tuna muryata? "Kai Sa'idu, fito nan, Malam na karatu!" "Ku yi shiru, Malam na wuridi!" Sau nawa ka rarrafa za ka ɗaga asabarin na fizgo ka ta ƙafa? Akwai ranar da ka yanke a yatsa, ka nufi wurinsa da kuka, na tare ka na toshe maka baki da gefen zanena. Ya ɗaga murya daga ciki ya ce, "Bar shi ya zo mana." Na ce, "A'a Malam, ci gaba, ba komai." Ba komai! Kalmar da ta cuce ni ke nan duk rayuwata. Na kasa yarda cewa shirun da na biya da 'yata ba shi da wannan tsadar. In na bar ku kuna shiga kuna fita kuna hawa masa wuya, to me ya hana ni bugawa ranar nan? Sai na ci gaba da gadin ƙofar da babu ita, don kada in amsa wannan tambayar.

Haka ka tashi kana leƙen mahaifinka ta tsakanin karan asabari, mutum shi kaɗai da littafi, haske a goshinsa, ba mai isa gare shi. Da ka ga hoton Bature ka ce ga Malam. Ba Malam ba ne. Hoton da ni na zana maka ne, kuma ƙarya na zana. Malam na gaskiya shi ne wanda in na tafi unguwa yake ɗora ka a cinya yana karatu kana ja masa gemu. Ƙanwarka Safiya ta taɓa yi masa fitsari a kan buzu, ya yi ta dariya har da hawaye. Wannan ne mahaifinka, ka nemi wannan ka gada.

Kada ka ce Inna ta tsufa ta tsani karatu, ko ta raina masu keɓewa da Ubangijinsu. Ni ma ina da nawa kaɗaicin, kuma ba don shi ba da tuni na haukace. Bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, nakan zauna a kan dardumata da carbi, ba na son ko kaza ta yi motsi. Shekarun da nake zuwa yankan shinkafa a fadama, in rana ta yi sanyi nakan ware in zauna a bakin ruwa, in ga tsuntsayen nan da ke zuwa daga nesa suna sauka, in yi ta tunanin wanda ya nuna musu hanya. A nan na yi kukan da ban yi a gida ba, a nan na roƙi gafara. Zuciyar da ba ta samun shiru takan yi tsatsa, na yarda. Amma ban taɓa sa wa shiruna kwaɗo ba. Ko ina tsakiyar lazimi, in ɗayanku ya yi tari na ji. Ubangijin da nake kira bai taɓa guduwa don na tashi na duba yaro ba, ina dawowa nake samunsa.

Ka nemi lokacinka a inda ba ka ƙwace shi daga bakin kowa ba. Ka riga su tashi. Ka yi karatunka a ɗakin da kukan yaro ke kaiwa, wancan na ƙuryar baya a zuba buhun shinkafar da na ba ku. Wayarka kuma, da kake kashewa ka jefa a aljihun tebur in ka tafi ɗakin karatun makaranta, ka bar ta a kunne saboda mutum ɗaya. Ciwon yaron nan ba ya sallama kafin ya zo, kai ka fi ni sani.

Sannan wata tambayar, tunda kai ne mai tausayin masu neman natsuwa. Hauwa ta kusa haddace rabin Alƙur'ani kafin ka aure ta. Yaushe rabon da ka ga ta zauna da Mus'hafi ba yaro a bayanta, ba tukunya a wuta? Ko ita ba ta da ran da ke son ganawa da Mahaliccinta? Ko ita aikinta kawai kawo burodi? Ka karɓi ɗanka ka fita da shi ƙofar gida, ka ce mata ta zauna ta yi tilawarta, ka ga yadda fuskarta za ta koma. Kai ma ka ɗanɗana tsayuwa a waje da tulu a hannu.

Maganar rataye hoto a gida, halal ne ko akasin haka, wannan tsakaninka da malamai, ni ba fannina ba ne. In dai ka rataye shi, ka matso da fitila ka dubi bayan tsohon, can cikin duhun, ta hannun hagu. Akwai ƙofa a wurin. Na sa tabarau na duba, na kira Safiya ita ma ta duba mini. A buɗe take kaɗan, kuma ba sakata a jikinta. Ko shi da ba shi da mata ba shi da ɗa, ya bar wa mai burodi hanya.

Kwaɗonka da sakatarka suna wurina, na cire su daga kwalin. Na sa wa ɗakin awaki, sun yi daidai. In ka ga dama ka sayi wasu, kasuwa ba ta ƙare ba. Amma ka sani ina kiran Hauwa, kuma na iya jin abin da mace ta haɗiye, don na fi ta iya haɗiya. Ranar da na ji yarinyar nan ta sake tsayawa a bakin ƙofarka da hannu a sama, wallahi tallahi zan shiga mota da ciwon gwiwar nan nawa in zo Lakwaja, in tattaro ta da jikana mu dawo Haɗeja. Sai ka zauna kai da tsohonka na gilashi, ya dafa maka tuwo. Na binne ɗaya saboda ladabi, ba zan binne na biyu ba.

Na faɗi abin da ke raina, hannuna har ya gaji. Ban tsane ka ba, ɗana, tsoro nake ji, kuma laifin rabinsa nawa ne. Ka yafe mini toshe maka baki da na yi.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya tsare fitarku da shigarku. Allah ya ba Malam Ƙarami lafiya mai ɗorewa, ya raya shi ya ga 'ya'yansa. Allah ya ba Hauwa ladan haƙurinta, ya kuma ba ta bakin magana. Allah ya ba ka ilimi mai amfani da kunnen da ke jin ƙwanƙwasa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa.

In ka zauna a shirunka da asuba, ka sa yayarka a addu'a. Ba ku taɓa jin sunanta a bakina ba, ko ranar da ta tafi ban kira shi ba. Asma'u. Sunanta Asma'u, kuma 'yata ce.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna.